Ina Kishin Ammi A Kan Kujerar Bayan Babur

Assalamu alaikum Baji Farkhanda.

Don Allah ki taimake ni, kuma don girman Allah kada ki buga sunana. Abin da zan faɗa miki ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mehwish da muke zama benci ɗaya tun muna firamare. Kishin mahaifiyata nake yi. Ammi da ta haife ni, wadda har yau ita ke shafa mini mai a gashi. Na rubuta wannan layin na goge, na sake rubutawa, to ga shi nan na bar shi.

Shekarata goma sha shida, ni kaɗai ce wurin iyayena. Muna zaune a Abbottabad tare da Dadi, mahaifiyar Abbu. Abbu, wato mahaifina, yana da shagon gyaran fanka da keken ɗinki a kasuwa, mutum ne marar hayaniya, abu ɗaya ne kawai ke sa shi ya koma kamar yaro: babur ɗinsa. Duk shekara, da zarar dusar ƙanƙara ta narke an buɗe hanyar tsaunin Babusar, sai ya rufe shago ya ɗaure kaya, shi da abokansa su hau duwatsu har Hunza. Tun ina shekara tara ni ce a bayansa. Kujerar nan tawa ce, Baji. Har wani ɗan lotsawa ta yi daidai ni.

Ban san yadda zan sa ki gane ba. A makaranta ni ce yarinyar da kullum malama ke ce wa, "Ɗaga murya mana, da wa kike magana, da takalminki?" In baƙi suka zo gida, ina miƙa shayi sai in gudu ɗaki. Amma in na sa hular kwano, iska na kaɗawa, babu mai ganin fuskata, babu mai jiran in ce wani abu. Waƙa nake yi a ciki da ƙarfi, kuma babu mai ji. Ni da Abbu ba ma buƙatar magana. In na taɓa kafaɗarsa ta dama ya san na ga wani abin kallo ne, in na matse rigarsa ya san a tsaya. In sanyin saman Babusar ya kama ni, sai in cusa hannuwana cikin aljihun rigarsa. Mun taɓa fakewa ruwa a wata rumfa a Naran muna cin pakora, irin ƙosan nan namu, mai zafi a takardar jarida, abokansa na ta tsokanarsa wai 'yarsa ta fi shi iya bin kwanar hanya. Ya yi dariya ya ce, "Tsuntsuwa ce ai, ba ta da nauyi." Da wannan sunan yake kira na har yau.

Ammi kuwa ba ta taɓa zuwa ba. "Jakin ƙarfe" take ce wa babur ɗin. Tana hawa, amma iyakarta kasuwa ko gidan biki, kuma irin zaman da duk matan kirki ke yi: ƙafafu biyu a gefe ɗaya, hannu ɗaya a kafaɗarsa, ɗayan riƙe da mayafi. Abbu ya ce wannan zaman ba na hanyar dutse ba ne. Kwanar hanya ɗaya mai tsakuwa ta isa ta zame da mutum, ga kogi can ƙasa, ga mayafi na lilo kusa da sarƙa. Duk mai binsa sai ya raba ƙafa ya zauna kamar namiji. Ammi ta ce, "A shekaruna? In zauna kamar ɗan aiken mai madara, unguwa ta sha kallo?" Magana ta mutu. Ni kuwa ko a jikina, har daɗi nake ji.

To bana ne komai ya birkice, ta fuska biyu.

Ta farko, Phuppo Shagufta, yayar Abbu, ta zo ranar Lahadi kamar yadda ta saba, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce wa Dadi, "Yarinyar nan fa ta girma. Wa zai zo neman auren wadda duk gari ya gani a kan babur tana zaman maza?" Ina tsaye da tiren shayi a hannu ta faɗi haka. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe Dadi ta yanke hukunci: bana in je, daga ita kuma shi ke nan. Tafiyar bana ita ce tawa ta ƙarshe.

Ta biyu, Abbu ya ƙwallafa rai sai Ammi ta je. Ban san abin da ya shige shi ba. Wataƙila don matar wani abokinsa ta je bara, ta dawo tana ta ba da labari. Ya kai babur wurin mai walda aka yi masa majingina a baya. Ya sa aka buɗe kujerar aka ƙara mata soso, lotsawar nan tawa ta ɓace. Baji, shekara bakwai ina zaune a wurin, bayana kan yi ciwo har in kasa miƙewa a Chilas, ban taɓa cewa uffan ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Rannan kuma ina share saman kabad na ga kwali, na buɗe, sai ga sabuwar hular kwano ja mai duhu, mai kyau kamar a ci. Na ɗauka tawa ce ta bankwana. Na juya ta, sai na ga ya sa mai fenti ya zana ɗan furen yasmin a bayanta. Yasmin Ammi ke sawa a gashi. Tawa baƙa ce, ta ɗan wani abokinsa ce da ta yi masa kaɗan.

Ina karanta littattafan soyayya, ba zan ɓoye miki ba, a ƙarƙashin littafin kimiyya nake sa su. A cikinsu kullum akwai wanda ke yin abu a ɓoye don wata, ya saya ya ajiye, ya kasa faɗa. Ni duk zamana na ɗauka irin wannan labarin ni yake jira a gaba, can wata rana. Ban taɓa kawowa a raina cewa yana faruwa a gidanmu ba, tsakanin mai gyaran fanka da matar da ke warin albasa, ni kuma ina gefe kamar ƙawar amarya da ba a ma faɗin sunanta. Na zauna a ƙasa da hular a cinya na yi kuka mai isata.

Ya roƙe ta, ba sau ɗaya ba. Amma kin san inda yake roƙon? A kan tabarmar cin abinci, Dadi na zaune, wani lokacin har da Phuppo. Sai ya yago gurasa ya ce, kamar ba komai, "Bana dai ya kamata wasu su ga Hunza da idonsu." Ammi ta sunkuyar da kai ta ce, "Wasu suna da aikin yi. Wa zai kula da Dadi?" Dadi ta gyaɗa kai. Phuppo ta ce, "Mace mai hankali ke nan." Abbu ya ci gaba da taunawa. Ran nan a shago ya ce mini, "Tsuntsuwa, na roƙa har bakina ya gaji. Ba zan matsa mata ba. Shirya kayanki, ni da ke ne." Wallahi sai da na ji kamar in tashi sama.

Da a nan labarin ya tsaya da ban dame ki ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka tashe mu da wuri daga makaranta. Abbu ya tafi masallaci da ƙafa, Dadi na barcinta na rana. Na turo ƙofa a hankali, me zan gani a tsakar gida? Ammi a kan babur. Yana kafe a kan ƙafarsa, ita kuma ta raba ƙafa ta zauna a kujerar baya, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta sa tsohuwar hulata a kai, ta miƙa hannuwa gaba kamar tana riƙe da ƙugun wani. Tana karkata dama, tana karkata hagu, ita kaɗai. Ban taɓa ganinta haka ba. Kamar yarinya.

Da ta gan ni saura kaɗan ta faɗo. Ta cire hular gashinta duk ya hargitse, ta fashe da dariya tana rufe baki kada Dadi ta farka. Ta jawo ni kicin ta ce, "Ke, in kika faɗa wa Phupponki sai na yanke miki kitso." Na ce, "Ammi, ashe kina so?" Ta ce, "Tun kafin a haife ki nake so. Abbunki ne bai da wayo ko na sisin kwabo. Baƙo ma ai sai ya ƙi shayi kafin ya karɓa. A gaban mahaifiyarsa zan buɗe baki in ce e, zan bi ɗanki duwatsu ina zaman maza? Da wace fuskar?" Sai ta juya tana goge tukunyar da ba ta da datti, ta ce a hankali, "Ki ce masa ya sake tambaya. A nan, lokacin da Dadi ke barci."

Haka gidanmu yake, Baji. Ammi ko sunan Abbu ba ta faɗa. Duk maganar da ke da nauyi ta bakina take bi: je ki ce wa Abbunki, je ki ce wa Amminki. Tun ina ƙarama ni ce gadar, kuma ban taɓa riƙe saƙo ba.

Wannan na riƙe shi.

Na ce mata to. Da yamma Abbu ya dawo, na buɗe baki, sai na ji na tambaye shi ko an gyara burkin baya. Washegari na sake ƙoƙari, sai na ga majinginar nan tana sheƙi, maganar ta koma ciki. Yanzu duk rana in Dadi ta kwanta, Ammi sai ta daɗe a kicin ba aikin komai, ta sa yasmin a gashi. Abbu ya shigo cin abincin rana, ya wanke hannu, ya wuce ƙofar kicin bai ko leƙa ba. Tana zaton na faɗa masa ya ƙi. Jiya ta ce mini, "Bar shi, dama wasa nake yi." Ba wasa take yi ba, na ga idonta.

Ni ma fa ina da tawa hujjar, kada ki ce muguwa ce ni. Ammi tana da sauran shekaru, baɗi ma hanya za ta buɗe. Ni wannan ce kawai ta rage mini. In ta tafi, ni za a bari da Dadi, Phuppo ta tare a gidanmu kwana goma tana koya mini yadda ake zaman 'yan mata. Su kuma suna can suna cin busassun 'ya'yan itacen khubani a kan rufin gidajen Hunza, tana cusa hannu a aljihun da nake cusa nawa. Ba ta ma san yadda ake bin kwana ba, a tsakar gida na ga tana karkata ta inda bai kamata ba. Ni na sani. Ni na sha ruwan sama da ƙura a kujerar nan. Me ya sa ita za a zana wa fure?

Wani lokacin sai in ce, in yi shiru kawai, ai ba ƙarya na yi ba. In je bana, baɗi in faɗa. Sai kuma in tuna yadda ta miƙa hannuwan nan a iska, in kasa cin abinci.

Saura mako uku a tafi. Ki faɗa mini gaskiya, ko da ɗaci: in na yi shiru na yi zunubi? In na faɗa kuma, ni wa zai tuna da ni?

Ina kan rufin ɗaki nake rubuta wannan, kuma tun ɗazu nake cewa yaga ta zan yi. Mehwish za ta zo karɓar littafinta, yayarta tana aiki kusa da ofishinku. Ga muryarta can a ƙasa tana gaida Dadi. Zan liƙe ambulan in miƙa mata yanzu, kafin in sake tunani.

Taki,
Wata yarinya daga Abbottabad

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata.

Da farko ki share hawayenki. Ba muguwa ba ce ke. Muguwa ba ta rasa cin abinci don ta ga idon uwarta ya canza. Abin da ke damunki sunansa kishi, kin kuma kira shi da sunansa, abin da manya da yawa ba sa iyawa. Kina da dalili: an canza kujerarki ba a tambaye ki ba, an yanke miki tafiya a kan tabarma kina tsaye da tire. Abbunki ya yi sakaci a nan. Ba rashin so ba ne, irin sakacin da ake yi wa yaron da ba ya ƙorafi ne. Kin yi shiru da ciwon baya shekara bakwai, shi kuma ya ɗauka babu ciwon.

Amma kin nemi gaskiya, to ga ta. Saƙo amana ne, kuma wannan ba naki ba ne. Kin ce ba ki yi ƙarya ba. Da baki ba ki yi ba, amma mahaifiyarki tana kwana tana tashi da zaton mijinta ya ji ya share ta, shi kuma yana zaton ba ta son abin da ya fi so a duniya. Duka biyun ba gaskiya ba ne, kuma shirunki ne ke riƙe da su. Kada ki dogara da baɗi. Macen da ta cire kunya sau ɗaya ta ga kamar an yi banza da ita, da wuya ta sake. Baɗi ko ya tambaye ta a kicin, da gaske za ta ce a'a. Ke kuma ki tambayi kanki wace irin tafiya za ki yi bana, kina jingine da majinginar da kin san ba don ke aka yi ba.

Akwai kuma abin da kishi ya rufe miki ido ba ki gani ba. Wa kike ganin zai iya tsaya wa Phupponki? Ba Abbu ba, ƙaninta ne. Ba ke ba. Ranar da matar gida, uwar 'ya, mai mutunci a unguwa, ta je Hunza a zaune yadda ya kamata ta dawo lafiya, maganar "wa zai auri mai zaman maza" ta rasa ƙafar tsayawa, domin ga wadda aka aura tana yi. Ba na yi miki alkawarin Dadi za ta janye hukuncinta, tsofaffi ba sa juyawa da sauri. Amma in akwai mai buɗe miki wannan ƙofar, Ammi ce, kuma ba za ta iya ba sai ta bi ta cikinta tukuna.

Ga abin da za ki yi. Ki sami Abbu a shago, ba a gida ba. Ki ce masa, Ammi ta ce ka sake tambayarta, a kicin, lokacin da Dadi ke barci. Ki ƙara da cewa saƙon ya kwana biyu a wurinki, don kada laifin jinkirin ya hau kansa. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Sannan ki gaya wa Ammi haka, da bakinki. Za ta iya yin fushi na yini ɗaya. Uwar da ta yi dariya da hularki a kanta ba za ta wuce haka ba.

A zama ɗaya kuma ki faɗa wa Abbu naki. Ki ce kin ji zafi. Ki ce kina son taki tafiyar, ko ta kwana biyu ce zuwa Naran bayan sun dawo, tunda Dadi ta ba ki bana kuma bana ba ta ƙare ba. In bakinki ya ƙi, ki rubuta masa, na ga alƙalaminki ba ya jin kunya. Gadar da kowa ke bi ta kanta ita ma tana da haƙƙin a duba ta.

In Ammi ta amsa, kada a ɗauke ta daga tsakar gida a dire ta a Babusar. Su fara da fita da sassafe zuwa tudun Thandiani da ke kusa da ku su sha shayi su dawo, sannan wadda ta fi ta nisa. Mayafi ya shiga cikin rigar sanyi, kada a bar ko gefensa a waje. Hular ta zauna daram, a ɗaure igiyarta. Bin kwana kuwa, kin ce ba ta iya ba, ke kin iya. To wa ya fi ki cancantar koya mata? Ki koya mata da gaskiya, har da taɓa kafaɗa da matse riga. In kuma ta gwada ta ce ba za ta iya doguwar ba, kada kowa ya matsa mata, kada ke ma ki yi murna a fili.

Ga mazan da ke karanta wannan fili a ɓoye, na san kuna nan: in kuna son matanku su so abin da kuke so, ku daina tambayarsu a gaban iyayenku. Amsar da za ku samu a wurin ta surukai ce, ba tasu ba.

Abu na ƙarshe, 'yata. Duk wasiƙarki a kan kujerar baya take, kamar babur kujera ɗaya gare shi. Nan da 'yan shekaru za ki isa karɓar lasisi, kuma ina ganin 'yan mata a titi suna tuƙa nasu zuwa kwaleji. Wadda ta san hanya da jikinta kamar ke ba ta da nisa da kujerar gaba.

Ki isar da saƙon yau, kada ki kai gobe. In kin isar, ki shiga ɗaki ki yi kukanki har ki ƙoshi, babu laifi a ciki. Sai ki wanke fuska ki fito ki ce wa Abbu ya nuna miki yadda ake tayar da babur ɗin.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya kai su lafiya Ya dawo miki da su lafiya, Ya kuma nuna mini ranar da za ki rubuto mini daga can da sunanki.

Baji Farkhanda